Wasiƙar da Na Rubuta da Sunan Malamina

Edita, bayan gaisuwa gare ka da masu karanta wannan mujalla, ina roƙon ka ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina a rai. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, domin wanda na zalunta yana raye, kuma ba zan ja sunansa cikin ƙazantata karo na biyu ba. A lokacin da abin ya faru ni malamin fiziks ne a wata sakandare da ke Tudun Wada, ɗan manomi daga wajen Dangora, da mata da 'ya ɗaya, da digiri na biyu a ilimin sararin samaniya. Abin da na karanta shi ne yadda sararin nan ya faro da yadda gungun taurari ke nisantar juna, kuma ba da leƙen sama ake yinsa ba kamar yadda mutanen garinmu suka ɗauka, lissafi ne zalla da kwamfuta. Wannan bai hana su tare ni a kasuwa suna tambayata ko za a ga wata gobe ba, ko damina za ta yi tsawo bana. In na ce ba fannina ba ne, sai su ce to karatun me na yi. Ina taya su dariya, amma a ciki ina ji da kaina ƙwarai, ina ganin allon makarantar nan ya yi mini kaɗan.

Wanda ya yi irin karatuna kuma yake son ci gaba da shi, ƙofarsa ƙunci gare ta. Jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasashen waje ne ke tallata gurabe a intanet, galibi wajen ƙarshen shekara, su ɗauki mutum na 'yan shekaru yana bincike a ƙarƙashin wani farfesa, suna biyansa, a ƙarshe ya fito da digirin digirgir. Gurbi ɗaya ne ko biyu, masu nema kuwa daga ko'ina a duniya. Za ka cike fom, ka tura takardunka, ka rubuta abin da kake son bincikawa, sannan ka ba da suna da adireshin imel na malaman da suka san ka. A cikinsu wanda shaidarsa ta fi nauyi shi ne wanda ya duba aikinka. Masu gurbin ne za su tuntuɓe shi, shi kuma ya aika musu wasiƙar shaida kai tsaye, kai ba za ka ga ko layi ɗaya ba, a lokacin ko bayan nan. Wannan ƙa'idar ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Ni na tashi ne a inda takardar shaida a hannunka ake danƙa maka ita. Mai unguwa ya rubuta ya ba ka ka kai wa dagaci, shugaban makaranta ya sa hannu ya miƙo maka, ka karanta a tsaye, ka kai a sa mata leda, ka adana a akwati. Ban taɓa sanin ana magana a kan mutum a bayan idonsa ba sai in gulma ce.

Malamin da ya duba aikina na digiri na biyu dattijo ne, farfesa, siriri, mai ƙarancin magana. A shekara biyun da na yi a hannunsa ban taɓa jin ya ce na yi ƙoƙari ba. In na kai masa babi, sai ya dawo mini da shi jan biro ya ɓata ko'ina kamar an yanka kaza a kai. Ranar da na warware wani lissafi da ya hana mu sakat wata biyu, na shiga ofishinsa cike da murna, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ce ba laifi, sannan ya tambaye ni me ya hana ni sa lamba a shafi na huɗu. Duk da haka ina girmama shi irin girmamawar uba. A ƙofar ofishinsa nake cire takalmi, ba na zama a kujera sai ya maimaita mini, ba na haɗa ido da shi. Wannan girmamawar ce kuma ta hana ni abu mafi sauƙi, wato in buɗe baki in tambaye shi yadda yake ganina.

Shekarar farko na nemi gurabe da dama, duk na sa sunan Malam. Amsoshin suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, da ladabi kamar baki ɗaya ne ya rubuta su, wai masu nema sun yi yawa, wai suna yi mini fatan alheri. Wasu ma ko amsar ba su ba ni ba. Na ce ƙaddara ce, na sake shiri. Duk lokacin da ranar rufewa ta matso sai in hau mota daga Kwanar Dangora in tafi birni gaishe shi, in yi ta kewaye-kewaye a kan lafiyar iyali da gajiyar aiki, har shi da kansa ya ce in batun wasiƙa ne an aika, ba tare da ya ɗago kai daga abin da yake dubawa ba. In yi godiya in fito. A hanyar dawowa sai in yi ta juya kalmar nan a raina. An aika, to me aka aika? Mutumin da bai taɓa yabona a gabana ba, me zai faɗa wa baƙi a kaina in ba na nan?

A shekara ta biyu ne zargin ya samu gindin zama. Akwai wani abokin karatuna ɗan Doguwa, tare muka yi digiri na biyu a hannun Malam, amma shi ya karkata ga binciken ƙananan abubuwan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta. Mutumin kirki ne, mun ci abinci a kwano ɗaya, kuma ni da shi mun san na fi shi lissafi, don ni nake warware masa abin da ya shige masa duhu. Shi ya samu gurbi a wata ƙasa ta Turai, ni aka sake yi mini fatan alheri. Na je har Doguwa na taya shi murna, haƙorana a waje, hassada a ciki. A wurin ne, ana hira, na ji wani yana cewa ai matar Malam 'yar yankinsu ce, har akwai 'yar dangantaka ta nesa. Ban nemi ƙarin bayani ba, wannan ya ishe ni. Ban tsaya na tuna fanninmu ba ɗaya ba ne, ba gurbi ɗaya muka nema ba, ba mutane ɗaya suka duba takardunmu ba. Na dawo gida da tabbacin cewa na gano bakin zaren.

Daga nan komai Malam ya yi sai in ba shi fassara. Bayan girbi mahaifina ya ba ni buhun masara in kai masa, na sha wahalar ɗora shi a mota har ƙofar gidansa, ya fito ya yi godiya, ya sa wa tsoho albarka, sannan ya ce in mayar, ba ya karɓar komai daga wanda yake rubuta wa shaida. Na ce a raina ga shi nan, ko hatsinmu ma ba ya so. Wani karon ya ce kada in ɓata lokacina a kan wani gurbi da na nuna masa, ba wurina ba ne, na ce yana tare mini hanya. Sau ɗaya tak na yi ƙarfin hali, na ce cikin in-ina ko zai yiwu in samu kwafin wasiƙar in ajiye a fayil ɗina. Ya dube ni ta saman tabarau ya tambaye ni ko ni aka rubuta wa. Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce to. Na fito na ce lallai akwai abin da yake ɓoyewa, in ba haka ba me zai hana shi nuna mini.

Matata 'yar Bebeji ce, ba ta yi dogon karatu ba, amma ta fi ni hankali nesa ba kusa ba. Ita kaɗai na gaya wa abin da nake saƙawa. Ta ce ita dai ba ta ga hujja ba a duk abin da na lissafa, ta ga dattijo mai tsare gida kawai. Ta ce in ina jin nauyinsa, in roƙi Baba ya je ya same shi su yi magana ta manya, ko in kira abokina na Doguwa in tambaye shi ko shi an nuna masa tasa wasiƙar. Na ce mata ba ta san 'yan boko ba, suna yi maka murmushi suna yanka ka da biro. Ta ce to ai shi ko murmushin ma ba ya yi mini, don haka sai in kwantar da hankalina. Ta faɗa ne don in yi dariya, ni kuwa na tashi na bar mata ɗakin. Gaskiyar magana ba na son a tambaya, domin ina tsoron a ce mini ba Malam ba ne, ni ne ban kai ba.

A shekara ta uku aka tallata wani gurbi a wata jami'a da ke kudancin Afirka, kamar don ni aka rubuta shi. Irin lissafin da na yi a digiri na biyu suke nema, a ƙarƙashin wata farfesa da na sha karanta rubuce-rubucenta. Na ce wannan karon ba wanda zai shiga tsakanina da rabona. Da farko na yi tunanin cire sunan Malam gaba ɗaya, sai na ga za su tambaya me ya sa wanda ya duba aikina bai yi mini shaida ba. A nan Shaiɗan ya buga mini gangarsa. Na san malamanmu da yawa suna amfani da adireshin imel na kansu, ba na jami'a ba, don haka ba wanda zai yi mamaki. Wata Asabar da hantsi, ni kaɗai a ofishin malamai, na buɗe sabon adireshi da sunan Malam, na sa shi a fom ɗin. Kafin azahar saƙon neman shaida ya shigo cikin akwatin da ni ke riƙe da kalmar sirrinsa.

Mako guda na yi ina rubuta wasiƙar. Kan takardar sashenmu na ɗauko daga wata tsohuwar takarda, sa hannunsa kuma daga shafin farko na kundin digirina. Ban taɓa sanin yabon kai aiki ne ba sai lokacin. Na zuba wa kaina kirari shafi biyu cur, na ce ni haziƙi ne, mai hangen nesa, mai haƙuri, na bi ƙamus ina tsinto manyan kalmomin Turanci ina jerawa. Ina rubutawa ina gaya wa kaina ba ƙarya nake yi ba, gaskiyar da aka danne ce nake fitarwa. Matata ta ga takardar da nake gwada sa hannu a kai ta tambaye ni mene ne wannan, na ce aikin makaranta ne. Na aika, na daina zuwa gaishe da Malam, na ce wa kaina aiki ne ya yi mini yawa.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki suka gayyace ni intabiyu ta bidiyo. Karon farko ke nan da na kai wannan mataki, kuma maimakon in ji tsoron Allah, sai na ce ga hujjata ta fito, da na cire hannun Malam ga shi ƙofa ta buɗe. Shugaban makarantarmu ya ba ni ofishinsa don nan sabis ya fi ƙarfi, aka tayar mini da janareta. Su uku ne, farfesar a tsakiya. Suka yi mini tambayoyi kusan awa guda, na amsa, har wani lissafi na yi musu a takarda na ɗaga wa kyamara. Na ga suna gyaɗa kai. Da za mu rabu sai farfesar ta yi murmushi ta ce in gaida mata Malam, ta kira shi da sunansa na yanka, ta ce sun san juna tun suna matasa, tare suka halarci wani kwas, kuma har yanzu sukan gaisa. Na ce zai ji. Na kashe kwamfutar, shugaban makaranta yana tambayata yaya aka yi, ni kuwa ban ma san me na ce masa ba.

Daga ranar zargina ya juya ya koma kan kowa da komai. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Abokina na Doguwa ya turo gaisuwa, na ce an aiko shi ya gwada ni ne. Wani malami ya dube ni a ofis, na ce ya ji wani abu. Kullum sai na buɗe adireshin ƙaryar nan sau ba adadi, ko farfesar ta rubuto can in amsa da bakin Malam. Ina da mako biyu cur da zan iya hawa mota in je in durƙusa in faɗi gaskiya, ban je ba, kuma wannan ya fi rubuta wasiƙar ci mini rai a yau. Sai ga saƙo ya zo cewa sun zaɓe ni, takardun kama aiki za su biyo baya. Murna ta danne tsoro. Na gaya wa mahaifina, ya tara 'yan'uwa bayan sallar Juma'a aka yi addu'a, labari ya bazu har ƙauyukan maƙwabta cewa ɗan gidan wane zai tafi ƙasar waje aikin taurari. Na ce a raina na tsallake.

Kwana huɗu bayan haka ina cikin aji wayata ta yi ƙara, na ga lambar Malam. Tun da na san shi bai taɓa kirana ba, ni ke kiransa. Ya amsa gaisuwata a taƙaice ya ce yana son ganina gobe da safe. Ban iya ƙarasa darasin ba. Washegari a cikin mota na shirya ƙarya kala-kala, in ce wani ne ya yi mini kutse, in ce kuskuren cike fom ne, in ce wani mai shagon intanet na ba wa aikin. Muna wuce mahaɗar Bebeji na gane ba wadda za ta tsaya da ƙafarta. Duk da haka wani ɓangare na zuciyata yana cewa ai shi ya ja, in ya matsa mini zan gaya masa abin da ke raina.

Na same shi shi kaɗai. Ya ce in rufe ƙofa in zauna. Ya ce farfesar ta rubuto masa a adireshinsa na ainihi, wanda take da shi tun da daɗewa, tana yi masa albishir cewa ta ɗauki ɗalibinsa, tana gode masa da wasiƙar, har tana tsokanarsa wai tsufa ya sa shi yawan surutu, don wasiƙar bara ta fi wannan gajarta da daɗi. Ashe tana cikin kwamitin wani shirin haɗin gwiwa da na nema a bara, a can ta karanta shaidar Malam a kaina, na kai cikin 'yan ƙalilan na ƙarshe, gurbi ne bai kai kaina ba. Tun lokacin ta riƙe sunana, shi ya sa da ta ga takarduna bana ta kira ni. Malam ya ce bai ba ta amsa ba tukuna, domin ba ya yanke wa mutum hukunci bai tambaye shi ba. Sannan ya dube ni ya tambaye ni kai tsaye ko ni na rubuta. Na ce ni ne. Ya tambayi dalili. A nan bakina ya ɓalle, na zazzage masa komai, batun ɗan Doguwa, batun matarsa, buhun masara, kwafin da ya hana ni, shekara biyu ba yabo ko sau ɗaya. Ina magana ina jin yadda kowace hujja ke zama shirme da zarar ta fito fili.

Bai katse ni ba. Da na gama sai ya jawo kwamfutarsa ya buɗe wani fayil ya juyo mini da ita, ya ce yau zai karya ƙa'idarsa, in karanta. Shi kuma ya jawo takardun jarrabawa ya ci gaba da makinsa. Wasiƙun da ya rubuta mini ne, kowacce da wurin da aka aika ta, ba wadda ta wuce shafi ɗaya. Ya ba da labarin lissafin nan na wata biyu, ya ce shi kansa ya kasa, ni na warware. Ya ce na yi aikina da tsohuwar kwamfuta, a garin da wuta ba ta zama, ina koyar da aji cike da yara. Ya ce a tsawon koyarwarsa ɗaliban da za su tsaya kusa da ni ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Bai ɓoye aibina ba, ya ce ina da gaggawa kuma Turancina na da tsawo. A layin ƙarshe na kowace wasiƙa ya ce ni mutum ne mai amana, ban taɓa murɗe lamba don ta ba da abin da nake so ba, kuma zai iya damƙa mini kowane aiki ya juya baya. Na karanta wannan layin sau shida, a wasiƙa shida. Ban san lokacin da na sauka daga kujera na zauna a ƙasa ba.

Na yi kuka kamar yaro, na nemi gafararsa, ya ce ya yafe. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, da ya ga bana ba a nemi wasiƙa daga gare shi ba ya ɗauka na karaya ne, abin ya dame shi, amma bai kira ni ba. Jin haka sai kwaɗayi ya sake taso mini, don ban gama zubar da mutuncina ba. Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya ce mata e shi ya rubuta, kalma ɗaya ce, tunda abin da ke cikin tasa ma ya fi nawa. Na ce ya dubi mahaifina da aka riga aka yi wa barka, ya dubi 'yata. Ya ajiye biron ya ce ya duba su, ya kuma duba ɗaliban da ke hannunsa yanzu da waɗanda za su zo. Ya ce ba shi da na'ura, ba shi da dukiyar bincike, abin da kawai yake iya ba yaran ƙasar nan shi ne in ya ce wa mutanen can wane nagari ne su yarda, kuma ranar da ya yi ƙarya sau ɗaya wannan ya ƙare, ba gare ni kaɗai ba. Ya ce alfarmar da zai yi mini ita ce zai jira zuwa jibi, in riga shi rubuta mata da kaina. Da na miƙe zan fita ya ce duk abin da ya rubuta a kaina zai iya sake rubutawa gobe, ban da layin ƙarshe.

Na rubuta mata a ranar, na faɗi abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba. Amsarta gajera ce, ta gode da na faɗa da kaina, ta ce ta yi baƙin ciki, kuma ba za su iya ci gaba da ɗaukata ba. Matata ba ta ce ai na gaya maka ba, da ma ta faɗa da na fi samun sauƙi. Mafi wuya shi ne mahaifina. Na same shi a gona da yamma yana duba dawa, na tsuguna na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni wato duk wannan don malamina bai yabe ni a gabana ba ne. Na ce e. Ya ce to shi da ya haife ni, tun da na yi wayo, yaushe na taɓa jin ya yabe ni a gaban idona? Gaskiya ne, ban taɓa ji ba. Ya ce ashe shi ma ina zarginsa ke nan. Washegari ya sa babbar rigarsa ya hau mota shi kaɗai ya tafi birni ba wa Malam haƙuri, bai ce in raka shi ba.

Shekaru sun shuɗe, har yau ina koyarwa a Tudun Wada. Mutanen gari sun gaji da tambayata yaushe ne tafiya, na ce musu abin bai yiwu ba, suka ce wani rabon ne. Ina zuwa gaishe da Malam duk sallah, yana amsawa da sakin fuska, yana tambayar 'yata, amma ban sake neman wasiƙa a wurinsa ba, shi ma bai tayar da maganar ba. Ina ganin tallan gurabe yana wucewa duk shekara, nakan karanta har ƙarshe in rufe. Masu wannan fanni ba su da yawa a duniya, kusan kowa ya san kowa, kuma ni na san abin da na bari a wurinsu.

Ga 'yan'uwana masu neman irin waɗannan gurabe, musamman 'ya'yan karkara irina da ba su da wanda ya riga su bin hanyar, ku sani a ƙi ɗaukarka sau biyar ko sau goma ba alamar wani na yi maka zagon ƙasa ba ce, haka neman yake ga kowa. Wasiƙar da ba a nuna maka ba ƙa'ida ce, ba makirci ba. In zuciyarka ta fara raya maka wani abu game da malaminka, ka daure ka tambaye shi cikin ladabi ko zai iya yi maka shaida mai ƙarfi, in ba za ka iya ba ka tura babba ya tambaya. Kunyar minti biyar ce. Dattawanmu ba sa yabon nasu a gabansa, mun san haka tun a gida, amma sai mu manta in mun shiga makaranta. Su ma malamai ina roƙonsu su riƙa sakin kalma ɗaya mai daɗi ko da sau ɗaya ne a shekara, don ba su san abin da shirunsu ke haifarwa a zuciyar yaro mai buri ba. Ni dai ba wanda ya tare mini hanya. Shekara biyu mutumin nan yana gaya wa duniya cewa ni mai amana ne, ni kuma na zauna da hannuna na ƙaryata shi.